Ruwa a Tankin Baba

Babanmu bai taɓa yarda ɗigon ruwa ya kwana a tankinsa ba. Duk wanda ya taɓa shan mai a ɗan gidan manmu ya san wannan, don ko bai tambaya ba sai an faɗa masa. Kullum da safe, kafin a sayar wa kowa ko cikin cokali, Baba zai ɗauko doguwar sandarsa ta katako mai bakin tagulla, ya shafe ta da man gwaji, ya zura ta cikin tankin fetur da ke binne a ƙasa. Man gwajin nan launin ƙasa gare shi. Fetur ba ya canja shi, amma da ya taɓa ruwa sai ya koma ja wur. Baba zai zaro sandar ya ɗaga ta sama ya ce, "Ku duba." Ba mai dubawa, duk mun gaji da gani. Saboda wannan ne kowa ke kiransa Mai Sanda, har waɗanda ba su da ko keke.

Sau ɗaya na taɓa ganin ja a bakin sandar, bai kai faɗin farce ba. Ranar Baba ya rufe gidan mai, ya kori layin motoci, ya wuni yana zuƙe gindin tanki. Ko abinci bai ci ba. Da ya dawo gida Inna ta ajiye masa kwano ta ce, "Ni dai na sani, ranar da aka ce ka zaɓa tsakanina da tankin nan, gara in fara naɗe tabarmata." Muka yi ta dariya, har shi. Ta riƙa maimaita wannan magana shekara da shekaru, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita ya karkace mata baki. Tun daga nan ba ta cika magana ba.

Ni ce babbar 'yarsa, ni ke riƙe da ofis da famfunan sayarwa. Ƙanena Auta, wanda gemunsa ya fi na Baba tsawo amma har yau Auta ake ce masa, shi ke gyaran injuna. Gidan man yana kan gangara. A sama, bayan ofis, akwai sabon tanki a kan ƙafafun kankare, wanda aka kawo don dizal ba a kai ga zuba masa komai ba. A ƙasa kuma layinmu ne. Duk ruwan da ya ratsa filin gidan mai, ƙofar gidanmu yake bi.

Ranar da nake ba da labari sama ta ɗauke tun asuba, har rana ta leƙo, amma kogi bai daina tashi ba, don can inda yake fitowa ba a daina tafka ruwa ba. Gada ta tafi. Layinmu ya cika har ƙugu. Maƙwabta suka taimaka mana muka ɗauki Inna a kan ƙyauren ɗaki muka hau da ita benen maƙwabcinmu Tela, wanda shi kaɗai ne bene a layin. Rabin unguwa na can a cushe. A barandar, dab da saman ruwa, mata sun hura gawayi suna dafa wa yara abin da za su ci. Wani ya ɗora janareta a kan matakala yana cajin wayoyi.

Na tsaya ina kallon gawayin nan. Na tuna tankinmu tsoho ne, robar bakinsa ta daɗe da mutuwa. Idan ruwa ya rufe filin gidan mai zai shiga ciki, ya nutse ƙasa, ya turo fetur sama. Shi kuwa fetur a kan ruwa yake tafiya. Zai gangaro ya kewaye benen nan da Inna a ciki, wadda ko juyawa ba ta iya yi sai an juya ta.

Na ɗaga murya na ce a kashe wuta, a kashe janareta. Wasu suka ce to. Wata mai jego ta dube ni ta ce, "To jaririn fa, da ruwan sanyi zan wanke shi?" Ko na kashe na benen, akwai mutane a kan rufin gidaje har ƙarshen layi, kowa da tasa wutar. Na ɗaure zanena na faɗa ruwa na nufi gidan mai.

Na tarar ruwa ya fara lasar gefen filin ta ƙasa. Baba ya riga ya kashe wutar lantarki daga babban makunni, yana tsaye a kan daɓen kankaren da ya rufe tanki, sanda a kafaɗa. Mai Faci, maƙwabcinmu mai gyaran taya, yana tare da shi, don rumfarsa ta riga ta bi ruwa.

"Uwata, yaya jikin nata?" Haka Baba ke kirana.

"Tana sama. Baba, akwai wuta a ko'ina a layin."

"Na sani. Za mu kwashe shi mu kai sabon tanki."

"'Yan kwana-kwana fa?"

"Suna tsallaken gada."

Sai ga Auta yana turo injin ban-ruwa a baro, yana haki. Ya ce, "Baba, da wannan kafin ka ƙifta ido mun gama."

"Mayar da shi can kan tudu."

"Baba, lokaci..."

"Injin da ke tartsatsi, salansa tana zafi, shi za ka ɗura wa fetur? So kake ka rage wa kogi aiki? Kai shi can, ka ɗauko famfon hannu."

Famfon hannun wani tsohon ƙarfe ne mai dogon mariƙi, ana ja ana turawa. Da na gan shi sai da na ji kamar in fashe da kuka. Tankin ya fi rabi, kuma da wannan abu za mu kwashe shi? Amma Baba bai ba mu damar gardama ba. Ya miƙa hannu ya karɓe wayoyinmu ya kulle a ofis. Ya juya kan Mai Faci.

"Ashana."

"Baba, ai na daina sha."

"Ashana."

Mai Faci ya zaro kwalin ashana daga aljihu, ya zaro laita daga hula, da Baba ya ci gaba da kallonsa sai ya sunkuya ya zaro wata daga cikin safa. Ko a wannan hali sai da Auta ya yi dariya.

Baba ya sa muka yi komai yadda ya saba, kamar ba ruwa ne ke tahowa ba. Aka maƙala wayar tagulla a jikin famfo da tankuna biyun, aka haɗa ta da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, don kada gudun mai ya haifar da tartsatsi. Aka zura tiyo har gindin sabon tanki don kada fetur ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama. Aka ɗaure kowace mahaɗa, ya bi ya taɓa da hannunsa. Aka jera tukwanen kashe gobara da bokitan yashi. Ni dai ina kallon ruwa yana cin filin kaɗan-kaɗan, shi kuma yana murza ƙusa kamar mai gyaran agogo.

Kafin mu fara ya ce a turo tsohuwar a-kori-kurarmu a ajiye ta a kan daɓen tanki. Ba a tayar da ita ba, turawa muka yi. Na ce, "Baba, nan fa za ta tare mana hanya." Ya ce, "Ajiye ta dai." Ban sake tunanin abin ba.

Muka fara. Biyu suna ja, ɗaya yana hutawa, mai hutun kuma shi zai hau tudu ya duba sabon tanki kada ya cika ya zube. Tiyo ya yi nauyi, muka ji fetur yana tafiya a ciki. Ban taɓa jin ƙara mai daɗi kamar ta ba. Muka ja, muka tura, har kafaɗuna suka daina zama nawa. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, na naɗe su da gefen ɗankwali. Mai Faci, wanda kullum nake zagi a kan ya cika mana fili da tsofaffin tayoyi, ya ja famfon nan har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Na yafe masa tayoyin gaba ɗaya.

Duk sanda Baba ya zura sanda ya zaro, layin fetur ya ƙara sauka. Auta ya fara waƙa. Na ce a raina, za mu riga ruwan nan.

Baba ne kaɗai bai saki fuska ba. Na lura ba sandar yake kallo sosai ba, ƙasa yake kallo.

Akwai wani ɗan kwari a tsakiyar daɓen tanki inda ruwa ke taruwa duk damina. Tun ina yarinya nake share shi da tsintsiya ina tsine wa maginin da ya yi aikin. Da safen nan ma cike yake. Da na sauko daga tudu na zo karɓar famfo, sai na ga wurin ya bushe. Ruwan ya gangare gefe. Na tsaya ina kallo ban gane ba. Sai bokitin yashi da ke kusa da tayar mota ya karkata da kansa ya faɗi.

Na ce, "Auta, tsaya."

Suka tsaya. Cikin shirun muka ji wata ƙara daga ƙarƙashin ƙafafunmu, kamar ana taka busasshen kara. Tsaga ta bi gefen daɓen daga wannan kusurwa zuwa waccan, ruwa mai laka ya fara ɓuɓɓugowa ta ciki.

Mai Faci ya ja da baya yana salati. Auta ya durƙusa ya sa hannu a tsagar, ya ɗago fuskarsa ta canja.

"Yaya, tasowa yake."

"Me ke tasowa?"

"Tankin. Ƙasa ta cika da ruwa. Mun rage masa nauyi, ruwa na ɗago shi. Kamar ki danna jarka marar komai a cikin baho."

"In ya taso fa?"

"Bututan da ke jikinsa za su karye. Abin da ya rage a ciki..." Bai ƙarasa ba, ya waiwaya ya dubi gangara.

Ashe duk jan da muka yi tun safe, da hannunmu muke jawo abin da muke gudu. In mun ci gaba ya taso, in mun tsaya ruwa ya rufe shi. Na juya wurin Baba don ya faɗa mana abin yi, kamar yadda na saba duk rayuwata. Sai na ga ko kaɗan bai yi mamaki ba. Na dubi fuskarsa, na dubi motar da ya sa muka ɗora a kan daɓen.

"Baba. Ka sani."

Na matsa kusa da shi.

"Shi ya sa ka ce a turo mota. Ka sani tun da safe!"

Ya sauke sandar daga kafaɗa ya riƙe ta da hannu biyu. "Ranar da aka binne shi ina tsaye a nan. Sai da masu aikin suka cika shi da ruwa kafin su zuba kankare, suka ce in ba haka ba zai iya tasowa. Na wuni ina kwashe ruwan, na shiga ciki da kaina na goge shi da tsumma. Tun daga ranar..." Ya dubi tsagar. "Na ce ko kogin zai tsaya, Uwata. Na ce ko motar za ta isa."

"To mene ne maganin?"

Auta ne ya amsa, a hankali, yana kallon ƙasa. "Duk abin da muka cire, a mayar da ruwa a madadinsa."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Ban san ma ina da irin wannan murya ba. Na ce, "Ka bar mu muna ta ja kamar jakuna, ka san abin da za a yi, ka yi shiru don kada sandarka ta yi ja? Matarka tana can kwance a kan ƙyaure, gawayi na ci a gefenta! Jikokinka na can! Wallahi Inna ta yi gaskiya. Shekara nawa muna dariya, ashe ba wasa take ba!"

Auta ya ce, "Yaya, ya isa." Bai isa ba, amma numfashina ya ƙare. Ƙasa ta sake yin ƙara.

Na ruga kan tudu na jawo tiyon injin ban-ruwa, ina tuntuɓe, ina kuka, na nufi bakin tanki zan cusa shi. Baba ya tare ni ya riƙe tiyon.

"Sake ni, Baba!"

"Ba ta nan ba. In kika sako shi ta nan da ƙarfi zai dama man, ya feso shi ta bututun numfashi, kin gama da mu. Ta bututun sauke mai za a sa, shi ne ya kai har gindi. A hankali. Ruwa ya kwanta a ƙasa, fetur ya hau kansa, mu kuma mu riƙa ɗiba ta sama." Ya ja tiyon daga hannuna. "Kawo. Ni zan sa."

Ya tura Auta ya kafa injin can nesa, ta inda iska ke tahowa, don kada tururin fetur ya kai gare shi, ya jefa bakin zuƙarsa a cikin ruwan da ya cika kwatar bakin titi. Ruwan nan jawur yake da laka, da ledoji, da abin da ba a faɗa. Baba ya bi shi ya tsaya yana kallo. Sai ya cire rigarsa, ya cire singileti, ya sunkuya ya ɗaure singiletin a bakin tiyo don ya tace. Tsoho da ƙasusuwan haƙarƙari a waje yana ƙoƙarin tace kogi da singileti. Auta ya kawar da kai. Ni ma haushina ya rasa inda zai zauna.

Ya dawo ya buɗe murfin bututun sauke mai. Murfin da ko direban tanka ba ya bari ya taɓa sai ya goge hannu. Ya sake maƙala wayar tagulla, ya zura tiyon ya ɗaure shi. Ya ɗaga hannu ya yi wa Auta alama.

Injin ya tashi. Tiyo ya kumbura. Baba ya ɗora tafinsa a kai yana jin ruwan na wucewa, bakinsa yana motsi amma ban ji abin da yake cewa ba.

"Ku ja," ya ce. "Kada ku tsaya. Abin da ke shiga kada ya fi abin da ke fita."

Muka koma kan famfo ni da Mai Faci. Zuwa lokacin ruwa ya hau filin, ya kai idon sawu. Muka kewaye bakin tanki da buhunan yashi da tayoyin Mai Faci, aka shimfiɗa leda, Baba ya durƙusa a tsakiya kamar mai wanki. Hannu ɗaya riƙe da tiyon zuƙar fetur, ɗaya riƙe da sanda. Ya shafa man gwaji, ya zura, ya zaro. Ja ya kama bakinta kamar tsawon yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Baba!"

Ya farka. Ya ɗaga tiyon zuƙa sama kaɗan don ya tsaya cikin fetur, ya ɗaure da igiya. Ya ɗaga hannu ya nuna wa Auta ya rage. Ya goge sanda, ya sake shafawa, ya sake zurawa.

Daɓen bai tsaya nan take ba. Wannan ne abin da ya kusa haukata ni. Ruwa na shiga, muna ja, amma tsagar na ƙara buɗewa, har gaban motar ya ɗaga ta fara zamewa baya, Mai Faci ya saki famfo ya cusa mata dutse. Wani bututu a ƙasa ya yi kuka mai tsawo. Na ce, "Baba, a ƙara ruwan!" Ya ce a'a. Na ce, "Don Allah, don Annabi, a ƙara!" Ya ce, "In na ƙara, man zai kai wuya kafin ku kwashe shi. Ja, Uwata." Na ja. Mariƙin ya yi santsi da jinin hannuna. Ina ja ina kiran sunan Allah, ina ja ina ganin bakin Inna a karkace tana son ta kira wani ba ta iyawa.

Can sai Mai Faci ya yi ihu ya nuna ruwa. Wani shuɗi-shuɗi mai ƙyalli, irin na fetur, yana yawo kusa da ƙafafunmu, faɗin faranti, ya kama hanyar gangara. Baba ya daka tsawa a kashe inji, a rufe bawul ɗin da ke tsayar da mai. Ya bi tiyo da hannu har ya samu wurin, wata mahaɗa ce ta saki saboda motsin daɓen, tana ɗiga. Ba tankin ba ne. Na cire ɗankwalina na shimfiɗa a kan ƙyallin, Mai Faci ya yago soson kujerar mota ya danna a kai, muka tsotse shi muka jefa a durom muka rufe. Auta ya ɗaure mahaɗar. Duk wannan lokaci ba a zuƙa, ba a zubawa, ruwa kuma na hawa buhunan yashi. Sai da Baba ya shafa mahaɗar ya shinshina yatsunsa kafin ya ce a ci gaba. Da ina da ƙarfi da na sake yi masa ihu.

Ja ya ci gaba da hawa sanda. Ya kai tsawon hannu, ya kai rabi. Baba ya daina tsayawa kallo. Ya shafa, ya zura, ya zaro, ya ɗaga tiyo, ya ce rage, ya ce ƙara. Ban taɓa ganin ya yi aiki da kyau kamar ranar ba, kuma ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba. Auta ya riƙa gudu tsakanin inji da sabon tanki yana ƙwala mana sauran wurin da ya rage.

Ban san lokacin da ƙasa ta daina ƙara ba. Mai Faci ne ya ce, "Ku ji." Muka ji, ba komai sai injin can nesa. Daɓen bai koma yadda yake ba, yana nan a karkace, amma dutsen da ke bayan tayar mota bai ƙara motsi ba.

Da fetur ya zama siriri a saman ruwa, famfo ya fara shaƙewa. Baba ya tari kaɗan a kwalba ya ɗaga ta a rana. Mai a sama, laka a ƙasa. Ya ce a rufe sabon tanki, kada wannan ya shiga. Muka juya tiyo zuwa durom-durom da muka jera a kan tudu, muka zuƙe saman nan har abin da ke fitowa ya zama ruwa zalla, sannan muka ƙara zuƙa don ya ce hancinsa bai yarda ba. Muka toshe su. Aka bar ruwa ya cika tanki har wuya. Baba ya shafa man gwaji daga bakin sanda har inda hannunsa ke riƙewa, ya zura ta ta ƙarshe. Ta fito ja tun daga ƙasa har sama. Bai ɗaga ta ba, bai ce mu duba ba. Ya mayar da murafe ya ɗaure su tamau. Muna kwashe kaya ruwa ya tsallake buhunan ya rufe wurin.

Muka tsaya a kan tudu muna kallon ruwan da ke ratsa filinmu yana gangarawa layi. Na zuba ido ina neman ƙyalli har idanuna suka yi zafi. Babu.

Auta da Mai Faci suka zauna gadin sabon tanki. Ni da Baba muka shiga ruwa muka nufi benen Tela, rana ta yi sanyi. Ruwan ya kai min ƙirji a wasu wurare. Na ce ya dogara da sandar kada ya faɗa kwata, ya ƙi. A kafaɗa ya ɗauke ta, sama da ruwa, kamar yadda ya saba. Ban ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa ba, shi ma bai tayar da maganar ba.

A barandar gawayi na nan na ci, har an ƙara murhu biyu. Wani yaro yana zaune a matakala ƙafafunsa cikin ruwa, kusa da janareta. Mai jegon nan ta gan ni ta ce, "Kin ga dai ba abin da ya faru, kika tayar mana da hankali a banza." Na ce mata haka ne.

Inna tana kwance a kusurwa inda muka bar ta. Ta dube ni, ta dubi hannuwana, sannan ta dubi Baba, ba riga, laka har gemu. Idonta ya hau kan sandar ya bi ta daga ƙasa har sama. Ta fi kowa sanin abin da launin nan ke nufi, ta zauna da shi tun kafin a haife ni. Bakinta ya yi ta motsi kafin magana ta fito.

"Ya... fashe?"

"Bai fashe ba."

"Wa... ya zuba?"

Baba ya dube ta. Ya ce, "Ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta bubbuga gefen tabarmar, ta ja jikinta da iya ƙarfin da ya rage mata don ta matsa masa.

"Ajiye ta," ta ce. "Zauna."

Sandar nan tana da ƙusoshinta biyu a bangon ofis, ban taɓa ganin ta taɓa ƙasa ba. Baba ya waiwaya yana neman inda zai rataye ta, bai samu ba. Ya sunkuya ya kwantar da ita a kan siminti, cikin takalman mutane. Ya zauna a gefen tabarmar, ya kama hannun Inna ya kifa fuskarsa a kai, kafaɗunsa suna rawa. Matan da ke ɗakin suka kawar da kai suka ci gaba da hidimar yara.

Na tsallake sandar na je wurin Tela neman ƙyallen da zan ɗaure hannuwana.